Wasiƙa zuwa ga Abba, kafin makon gasa

Ɗana Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata kana lafiya kai da iyalinka, ya aiki, ya yara. Mu nan Kano lafiya lau, sai hazo da ya sauko mana da wuri bana.

Na samu labarin ka ɗauki hutu za ka zo gida makon da ƙwararru za su fafata a filin golf ɗinmu. Madalla. Na ga gara in rubuto maka tun yanzu, don in ka iso gaishe-gaishen dangi ba za su bar mu mu zauna ba, kuma akwai abin da nake so ka shiga filin nan da shi a ranka.

Tun da ka fara wasan nan a allo kake ganin ƙwararru. Talabijin ba ya ƙarya, amma yana zaɓe. Mutum ɗari da wani abu ne a fili, mai kyamara yana bin biyar ko shida da wasa ya karɓa a ranar, su ɗin ma bugunsu mai kyau ake nuna maka. Sai ka tashi da tunanin ƙwararre ba ya kuskure. Alhali a gasannin PGA na Amurka, inda gwanayen duniya ke taruwa, cikin ramuka 18 kusan a 12 kawai suke kai ƙwallo dandamalin rami, wato shimfiɗaɗɗen wurin da ke kewaye da ramin, a adadin bugun da aka tsara. Bugun farko kuwa, cikin goma wajen huɗu ba sa sauka a hanya, wato gyararren filin da ya miƙe zuwa rami, sai dai cikin doguwar ciyawa ko yashi ko bayan bishiya. In ƙwallo na nesa da rami da ƙafa 8, rabi ke faɗawa, rabi su wuce. Waɗanda ba su da wata sana'a sai wannan ke nan fa. Kai da kake fita ranar Asabar kaɗai, sai ka ɓarar da ta ƙafa 8 ka dawo gida kana cin magani har yara su riƙa raɓewa. Ba wanda ya kawo ƙararka, ni na gani da idona da ƙaramar salla.

To abin da nake so ka je ka kalla ke nan: yadda suke kuskure, da abin da suke yi bayansa. Bugu mai kyau ka riga ka gani har ka ƙoshi.

Ka yi sammako. Kana idar da asuba ka sha shayi ka fita, kada ka tsaya jiran abokanka da sai goma ta yi suke neman takalmi. Ka wuce kai tsaye wurin atisaye. 'Yan kallo ba su cika zuwa can ba, sun fi son su cunkushe a ramin farko, don haka za ka samu wuri har ka ji numfashin mai bugu. Ka zaɓi mutum ɗaya ka sa masa ido. Za ka ga sandar da ya fara zarowa gajera ce, yana ɗaga ta rabi, yana aika ƙwallo yadi 40, yadi 50, ba gaggawa. Za ka ga ya shimfiɗa wata sanda a ƙasa gaban ƙafafunsa don ya tabbatar inda ya fuskanta nan ne inda yake nufi. Mutumin da ya shekara ashirin yana cin abinci da wasan nan bai yarda da idonsa ba, yana aunawa kullum. Doguwar sandar nan da muke kira direba sai can ƙarshe yake taɓa ta, ƙwallo kaɗan, ya mayar da ita jaka ya tafi atisayen gangara ƙwallo cikin rami. Mu kuwa ka san yadda muke: a fito daga mota, ana ɗaure takalmi ana amsa waya, a zaro direba a rafka, ƙwallo ta nufi titi, a ce yau jiki bai sake ba.

Duk lokacin da na tsaya a wurin atisaye sai na tuna Vijay Singh, mutumin Fiji. Kafin duniya ta san shi, a nan ƙasar ya ci gasar Najeriya Open a filin Ikoyi na Legas, a 1988 da 1989. Daga baya ya ci babbar gasar Masters ta Amurka a 2000, a 2004 kuma ya sauke Tiger Woods daga matsayin na ɗaya a duniya. Abin da abokan wasansa suka fi saninsa da shi shi ne daɗewa a filin atisaye, kowa ya watse ya bar shi yana bugu. Ba cewa nake ka bar ofis ka tare a can ba, kana da bakunan da kake ciyarwa. Amma awa ɗayan da kake da ita, ka ga yadda ake kashe ta.

Kuma ka yi amfani da kunnenka. Sautin bugun ƙwararre daban yake, gajere ne, tsaf, waya ba ta ɗauko shi. In ya matsa, ka dubi ƙasar da ya tsaya. Inda sanda ta kankare ƙasa yana gaban inda ƙwallo take, ba bayanta ba, wato ƙwallo ya fara samu sannan ƙasa. Mu ƙasa muke fara sara, ƙwallo ta samu ragowar ƙarfin. Wannan kaɗai in ka gane shi da idonka, kuɗin motarka bai tafi a banza ba.

Da an fara wasa kada ka bi ayarin da kowa ke bi. Ka nemi waɗanda ke tsakiyar jadawali, masu fafutukar kada a sallame su bayan kwana biyu, ka bi su tun daga ramin farko har na 18 da ƙafarka. Ka riƙa tsayawa a bayansu, nesa kaɗan, yadda za ka ga layin da suka ɗauka. A nan za ka ga abin mamaki: sau da yawa ba tutar da ke nuna rami suke nufa ba. In an kafa ta a gefe, kusa da ramin yashi, sai ka ga mutum ya auna tsakiyar dandamali, ya yarda ya gangaro daga nesa. Ɗan kasuwar Kantin Kwari da ya san kansa, kafin ya tambayi ribar da zai ci a kaya, yakan fara lissafin abin da zai rasa in kayan suka ƙi karɓuwa. Haka ƙwararre yake zaɓen inda zai aika ƙwallo: in ta kauce, ta kauce ɓangaren da ake iya gyarawa.

Ka matsa yadda za ka ji maganarsa da kadinsa, mai ɗaukar masa jaka. Ba hira ba ce, lissafi ne. Kadi zai ce yadi 140 zuwa bakin dandamali, 152 zuwa tuta, iska daga hagu. Ya tsinki ciyawa ya watsa sama su ga inda ta nufa. Sannan su yi maganar inda ƙwallo za ta sauka da yadda za ta gudu, domin da hunturu ƙasar Kano tauri take yi, ƙwallo in ta dira ba ta tsayawa. Filayen da kake gani a talabijin ana ba su ruwa dare da rana, shi ya sa ƙwallo ke faɗowa daga sama ta lafe. A nan za ka ga ƙwararre ya rage tsayin bugu, ya saukar da ita kafin dandamali, ya bar ta ta ƙarasa da kanta. Wannan darasi na filinmu ne, ba za ka same shi a wurin masu koyarwa ta YouTube ba, don ba su taɓa buga wasa a cikin hazo ba.

Sai babban abin. Ko ba jima ko ba daɗe ɗaya daga cikinsu zai jefa ƙwallo ƙarƙashin darbejiya. Ka yi sauri ka riga shi isa. Zai zo ya tsuguna, ya dubi saiwa, ya dubi reshe, ya hango 'yar kafar da ke tsakanin bishiyu biyu wadda ta miƙe zuwa tuta. Na san ka, da kai ne ta kafar nan za ka bi, kuma sau ɗaya cikin biyar za ta wuce, ka shekara kana ba da labari. Shi kuwa mafi yawan lokuta zai juya gefe, ya ɗan tura ƙwallo yadi 30 ta koma hanya. Ya karɓi asarar bugu ɗaya da hannu biyu don kada ta zama uku. Daga nan ya kai ta kusa da rami, wani lokacin ma ya tsira ba tare da ya rasa komai ba. Ka ƙirga sau nawa hakan ta faru a zagaye ɗaya. Tsakanin mai gama zagaye da bugu 72 da mai gamawa da 95, kaso mai yawa na tazarar a irin wannan wuri take ɓoye.

Bayan ya buga, kada ka bi ƙwallo da ido, ka dubi fuskarsa. Wani zai yi tsaki, wani ya daki jaka, su ma 'yan Adam ne. Amma ka lura kafin ya isa inda ƙwallo take ya huce. Ya sha ruwa, ya ci ayaba ko dabino, ya tsaya bayan ƙwallo, ya yi gwaji sau ɗaya ko biyu daidai yadda ya yi a ramin farko, ba ƙari ba ragi. Wannan tsari da ba ya canjawa shi ke riƙe mutum ranar da hannu ke rawa.

Akwai abin da ba na so ka kwaso. Nisan bugunsu ba naka ba ne, in ka ce sai ka kamo shi bayanka ne zai biya. Kada kuma ka leƙa jakarsu ka dawo kana neman sabon direba da kuɗin makarantar yara. Doka sanda 14 ta yarda a ɗauka, kuma naka 14 ɗin ba su da laifin komai. Jinkirin wasunsu ma ka bar musu. Dokokin wasan sun so mutum ya buga cikin daƙiƙa 40, neman ƙwallon da ta ɓata kuma tun 2019 minti 3 ne kacal. Wanda ke neman abincinsa a bugu ɗaya ana iya yi masa uzuri, mai wasan Asabar da ya tsare mutane a bayansa ba shi da hujja.

Ka kuma dubi yadda suke mu'amala da kadi. Yawancin ƙwararrun ƙasar nan da ɗaukar jaka suka fara, tun suna yara suna bin manya a rana, suna koyon bugu da tsohuwar sandar da wani ya yar. Yaron da ke ɗaukar maka jaka ya fi ka sanin gangaren kowane rami, wataƙila ma ya fi ka bugu. Ka tambaye shi, ka saurare shi, ka biya shi hakkinsa kafin guminsa ya bushe, kuma in ƙwallo ta kauce kada ka ɗora masa. Wasan nan ba alƙali a kowane rami, kai ne shaidar kanka. A gasar US Open ta 1925 fitaccen ɗan wasan Amurka Bobby Jones ya ce ƙwallonsa ta motsa kafin ya buga, ya sa aka ƙara masa bugu ɗaya alhali ba wanda ya tilasta shi, aka tashi kunnen doki, ya rasa kofin a wasan raba gardama. Ina jin wasu abokan wasanku suna ɗan sa kuɗi a kan kowane rami wai don wasa ya yi armashi. Caca ce, ko da naira ɗari ce, kuma ita ke koya wa mutum tura ƙwallo da ƙafa in ba a kallo. Ka nisance ta.

Ranar kallo ka sa waya a shiru, ihun da ka saba yi wa Pillars ka bar shi a gida. In mutum ya tsaya kan ƙwallo kada ka motsa, kuma ka kula inuwarka kada ta faɗa kan layinsa. Ka lissafa inda azahar za ta same ka tun kafin ka shiga fili, don wasan ba ya tsayawa ya jira ka. Ka zo da hula mai baki da gorar ruwa, sanyin safe yana yaudara, sha biyu na yi rana za ta buɗe. Ka taho da ƙaramin littafi da biro ka riƙa rubuta inda kowane bugu na biyu ya sauka da abin da aka yi da shi.

Ni zan raka ka ramuka tara na farko in gwiwa ta yarda, sauran ka ƙarasa da babban ɗanka in makaranta ta ba su hutu, ya isa fara gani. Ka sanar da ni ranar da za ku taso da wuri don a gyara muku ɗaki, kuma kada ku yi tafiyar dare a hanyar Kaduna.

Ka gaida mai ɗakinka da yara. Allah Ya yi muku albarka, Ya kawo ku lafiya.

Mahaifinka.