Lamba 4 ba ma'aunin wanda aka yi wa tiyata ba ce

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida domin in ja hankalin masu jinyar dattawan da aka yi wa maganin sankarar furostet, wadda jama'a suka fi sani da sankarar mafitsara. Furostet wata 'yar gaɓa ce a jikin namiji da ke ƙarƙashin mafitsara.

Bara aka yi wa kawuna tiyata aka cire masa furostet ɗin gaba ɗaya. Da ya yi gwajin jini na PSA, wato sinadarin da ake aunawa domin bibiyar wannan cuta, takardar ta nuna 1.3, a gefe kuma an buga cewa daga 0 zuwa 4 lafiya lau ne. Ya naɗe ta ya sa a aljihun gaban rigarsa, duk wanda ya zo dubiya sai ya zaro ya nuna masa, mu ma muka yi ta hamdala. Sai da ranar ganin likita ta zo bayan wata biyu muka ji abin da ya sanyaya mana jiki: ashe 1.3 ta yi yawa ga wanda aka cire wa furostet.

Wannan ma'auni na 4 an yi shi ne domin namijin da furostet ɗinsa take jikinsa, tunda ita ce ke samar da sinadarin PSA. Wanda aka cire wa kuwa, cikin mako 6 zuwa 8 ya kamata lambarsa ta faɗi ƙasa da 0.1, kuma idan ta kai 0.2, aka sake gwaji ya tabbatar, likitoci kan ɗauka cewa akwai sauran ƙwayoyin cutar a jiki. Wanda aka yi wa gashi, wato ƙona ƙwayoyin cutar da hasken na'ura, lissafinsa daban ne, domin furostet ɗin tana nan. Lambarsa kan sauka a hankali, wani lokaci har shekara 2 ko fiye, takan ma ɗan tashi ta sake sauka ba tare da cutar ta dawo ba, kuma ba a cika ɗaga hankali ba sai ta haura mafi ƙarancin da ta taɓa kaiwa da maki 2.

Roƙona ga masu ɗakunan gwaji shi ne su riƙa tambayar mutum irin maganin da aka yi masa kafin su miƙa masa takarda. Masu jinya kuma su tanadi ɗan littafi su riƙa rubuta kowane sakamako da kwanan watansa, su tsaya a ɗakin gwaji guda idan da hali, domin saurin tashin lambar ne likita ya fi dubawa. Kawu dai ya fara zuwa gashi, muna roƙon Allah ya ba shi lafiya.

Naku,
Wani mai karatu daga Zariya