Zuwa ga Uwata, malamar aji uku

Assalamu alaikum Uwata,

Ya gida, ya maigidan, ya angona da kishiyar tawa? Ina fatan zazzaɓin nata ya sauka. Mu nan Jos lafiya lau sai sanyi da ya fara shigowa, da asuba sai an ɗora ruwan alwala a wuta. Babanku yana gaishe ku.

Jiya da muka yi waya ta bidiyo akwai maganar da ta tsaya min a maƙoshi, ban faɗa ba saboda maigidanki yana kusa, shi yasa nace bari in zauna in rubuto miki ko da zan kai dare. Na ga lokacin da yaron nan ya ɗauki jan biro ya zana a takardar jarabawar ɗalibanki, na ji tsawar da kika daka masa, na kuma ga yadda ya ja baya ya raɓe a jikin ƙofa ya sa yatsa a baki. Ban ga laifinki ba wallahi. Macen da ta tashi tun kafin kiran sallah ta dafa abin kari ta yi wa yara biyu wanka ta zuba abinci a fulas ta fito daga Karu ta shiga gosulon Nyanya zuwa AYA a cikin Abuja, ta wuni a tsaye gaban yara sama da hamsin, sannan ta dawo ta tarar da wanke-wanke da makin na jiranta, ai dole murya ta fi ƙarfinta. Amma muryar da na ji jiya tawa ce, ni na ba ki ita, kuma abin da ya hana ni barci kenan.

Kinsan na fara koyarwa a 1984 da takardar malanta ta Gired Tu, daga baya na yi ta gaba da ita wato NCE ta hanyar NTI, cibiyar horar da malamai ta Kaduna, karatun ƙarshen mako, lokacin ina goyon ƙaninki. Shekara 35 ina riƙe da alli har na aje a 2019, kafin dokar 2022 da ta ƙara wa malamai wa'adi zuwa shekara 40 na aiki ko 65 na haihuwa. Duk tsawon nan ba a taɓa kama ni da rajista ba a cike ba ko lesin not, wato tsarin darasi, ba sa hannun hedimasta. A makaranta ana yabona da haƙuri, yaro zai tambaye ni abu ɗaya sau biyar in amsa masa da fara'a. Sai dai haƙurin nan a aji yake ƙarewa tas, in na shigo gida babu ko ragowa.

Akwai wata rana, kina shekara biyar muna gidan haya a Unguwar Rogo, ina zaune kan tabarma ina cika ripot kad ga lantarki babu sai fitilar ƙwai, sai na ɗago na gan ki a tsaye kin ɗaga yatsa sama kamar yadda 'yan aji suke yi. Bansan tun yaushe kike tsaye a wurin ba. Nace mene ne, kika ce "Malama zan sha ruwa." A ɗakin uwarki, randa na bayanki. Na ba ki ruwan kika sha kika koma kika kwanta, ni kuma na kasa ci gaba da rubutun, na fita tsakar gida cikin sanyin nan na yi ta hawaye. Ban taɓa gaya wa kowa ba ko babanku. Daga ranar na fara gyarawa amma gyaran bai zo da wuri ba, ƙannenki sun fi ki morar sa, kuma har yau in na tuna sai in ji kamar akwai bashinki a kaina. Ki yafe min.

Toh abin da na koma yi shi nake so ki gwada. In kin shigo gida kar ki buɗe jakar makaranta. Ki rataye ta, ki cire takalmi da hijabi, ki sha ruwa, in baki yi la'asar ba ki yi, sannan ki zauna a ƙasa ki bar su su hau ki su ja miki ɗankwali su ba ki labarin da ba kai ba gindi. Ko rabin awa ne ya isa. Yaron da ya samu wannan zai ƙyale ki ki yi girki, wanda bai samu ba kuwa zai yi ta nemansa har dare ta hanyar ɓarna, don jiya ba takardar yake so ya ɓata ba, ya ga ita kike kallo ne tun da kika dawo. Ki samo masa tsohon littafi da nasa jan biron ki ce shi ma ya yi makin kusa da ke, za ki sha mamakin yadda zai nutsu.

Makin kuma ki rage shi tun a makaranta, lokacin birek da firi firiyod, maimakon hirar sitaf rum wadda na san daɗinta kuma na san yadda take cin lokaci. Lesin not na sati ki zauna masa ranar Asabar da safe, maigidan ya fita da su ko da zagayen unguwa ne. Ki roƙe shi da bakinki cikin ladabi, mutumin kirki ne, amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, in baki faɗa ba zai ɗauka komai daidai yake tafiya.

Sai maganar karatun angon nawa. Naji kina cewa 'ya'yan maƙwabta sun iya rubuta ɗaya zuwa ɗari shi har yanzu yana juya 3 baibai. Dan Allah ki sassauta. Shekararsa huɗu fa. Na koyar da aji ɗaya na tsawon shekaru, yaran da suka zo da baki cike da magana, sun san tatsuniya sun iya tambaya, su ne suke saurin kama karatu, juya harafi kuwa da kansa yake bari in hannu ya yi ƙwari. Ki yi musu Hausa a gida, Turanci ba inda zai gudu a Abuja. Ki yi musu Gizo da Ƙoƙi da daddare, ku biya Fatiha da Ƙulhuwallahu tare kafin barci, wayar nan da ake miƙa musu don su yi shiru a rage ta. Kar ya zama ɗan malama ne ya fara tsoron littafi.

Yarinyar da ke taya ki raino ma amana ce, 'yar wasu ce. Ba zai yi kyau ace tana gidan malama ba ta iya karanta sunanta ba. Ki sa ta Islamiyyar yamma, ki riƙa ɗora mata ko baƙi biyu ne a rana, kuma abin da 'ya'yanki suka ci ita ma ta ci.

Ke ma ki kula da maƙoshinki, ki riƙa tafiya da ruwan ɗumi a ɗan fulas, ki daina gasar murya da yara a aji, in suka ɗau surutu ki yi shiru ki tsaya kina kallonsu da kansu za su lafa.

Gobe in sha Allahu zan shiga Farin Gada in haɗa miki dankalin turawa da kabeji da karas, akwai acca mudu uku da na riga na wanke na shanya, kishiyata tana son kununta. Zan ba direba ranar Alhamis, in ya wuce Akwanga zai kira ki. Hutun Disamba kuma ku taho dukanku, ki haɗo musu rigunan sanyi da safa da hula, kar a yi irin na bara. Ki shafa min kan angona ki ce masa na aje masa jan biro sabo.

Allah ya yi miki albarka, ya raya su, ya sa albarka a aikinki.

Taki,
Umma