Rahoton Ayyukan Shekara: Neman Gidan Riƙo ga Manyan Yaranmu

Assalamu alaikum, 'yan uwa membobi.

A taron bara mun tsayar da magana cewa bana ƙarfinmu zai koma kan manyan yara, 'yan shekara 13 zuwa 17, da ke gidajen marayu a nan Kano. Jariri ba ya rasa mai nema. Amma yaron da muryarsa ta fara buɗewa, masu ziyara sai su kawo masa shinkafa da sabulu, a yi hoto, su kama gabansu. A Dokar Haƙƙin Yara ta 2003, yaro shi ne wanda bai kai shekara 18 ba. Ranar da ya cika, ya zama babba a takarda, alhali bai san gidan da zai ci tuwon Sallah ba.

Magidantan da muka zagaya ba rowa ce ta hana su ba. Maganar da muka fi ji ita ce, "Malam, ai ba muharrami ba ne, ga 'yan mata a gidan." Kuma suna da gaskiya. Shayarwar da ke haramta aure sai cikin shekara biyun farko, ɗan shekara 15 kuwa ya wuce nan tuni. Shi ya sa muka zauna da limamai aka yi wa mutane bayanin kafala, wato riƙon maraya a tsarin Musulunci: yaro yana riƙe sunan mahaifinsa kamar yadda aya ta 5 a Suratul Ahzab ta yi umarni, ba ya cin gado, amma mai riƙo na iya yi masa wasiyya da abin da bai wuce sulusin dukiya ba. Yarjejeniyar haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 ma ta ambaci kafala da sunanta a sashe na 20. Da bayani ya zauna, samari muka nema musu gidajen da ke da ɗakin soro, 'yan mata kuma hannun iyaye mata da 'ya'yansu suka tasa.

Inda muka fi ganin haske shi ne neman dangi. Wani yaro bai tuna komai game da garin mahaifiyarsa ba sai ranar da kasuwarsu ke ci da wata kuka a bakin tasha. Da wannan 'yan kwamiti suka bi dagatai da masu unguwanni har aka dace da goggonsa. Tana ganinsa ta kama hannunsa na hagu tana duba tabon ƙuna, sai kuka. Yanzu yana wurinta, yana koyon walda bayan makaranta.

Mun yi tuntuɓe kuma, ba za mu ɓoye muku ba. Wata yarinya muka bayar, muka yi sakaci da bibiya, ashe an mayar da ita 'yar aiki, talla da safe, wanke-wanke da dare. Maƙwabciya ce ta tsegunta mana. Laifinmu ne. Mun ɗauko ta, kuma daga yanzu ziyara ba sanarwa, sannan ba yaron da za a kai ko'ina sai an ji ta bakinsa. Akwai wanda ya ce ƙafarsa ƙafar ƙaninsa, muna nan muna neman gidan da zai ɗauki biyu.

Takardu sun ci mana lokaci. Tun 2021 ba a rajistar JAMB, jarrabawar shiga jami'a, sai da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, ga takardar haihuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa da yawancinsu ba su da ita. Mun samar wa masu shirin jarrabawa, saura na tafe.

Ma'aji zai karanto lissafin kuɗi a taro. Masu bashin kuɗin wata, don Allah a taɓuka, domin akwai yarinyarmu da aka sa wa rana, kayan ɗaki kuma a wuyanmu suke.

Sakataren ƙungiya