A ba malaman addini gurbi a asibitocin Kano

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani giɓi da na daɗe ina gani a asibitocinmu. Na yi aikin jinya a garin nan har na yi ritaya, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda likita da malami ke yi wa mutum ɗaya hidima ba tare da sun haɗu ba. Likita ya yi zagayensa da safe ya wuce. Malami kuwa sai 'yan uwa sun ɗauko shi daga unguwa lokacin ziyara, ya yi tofi ya koma. Babu wanda ya san abin da ɗayan ya faɗa wa mara lafiya.

Kusan kowane babban asibiti yana da masallaci da limami, amma aikin liman ya tsaya a jan sallah da sallar gawa, alhali tambayoyin da ke hana majinyata barci suna can kan gado. Dattijon da aka sa wa robar fitsari sai ya daina sallah yana kuka a ɓoye, don yana ganin ba shi da tsarki. Ba a samu wanda zai zauna ya gaya masa hukuncin mai larura ba, ya nuna masa taimama, ya tuna masa cewa wanda bai iya tsayuwa ba ya yi a zaune, wanda bai iya zama ba ya yi a kwance. Nas ba ta da lokacin wannan, kuma ko ta faɗa, ba daga bakinta yake son ji ba.

Wannan ma mai sauƙi ne, ga waɗanda suka fi shi nauyi. Mai ciwon suga da ƙafarsa ta ruɓe, likita ya ce sai an yanke, sai dangi su ce gara ya koma ga Allah da gaɓoɓinsa cikakku. Su sa hannu su fita da shi, bayan mako biyu a dawo da shi cutar ta shiga jini. Mace na naƙuda tana jijjiga, ana jiran miji ya yarda a yi tiyata, shi kuma yana waje yana neman rubutu. A watan azumi masu allurar insulin da masu ciwon ƙoda su dage sai sun kai azumi, duk da cewa Suratul Baƙara ta yi wa mara lafiya rangwame ƙarara. Duk waɗannan mutane ba taurin kai ne ya hana su ba, tsoron saɓa wa Allah ne. Likita zai iya kwana yana bayanin sakamakon gwaji bai cire wannan tsoron ba. Malamin da ya fahimci cutar zai iya cire shi a zama ɗaya.

Kuma malamai sun riga sun yi bincike a kan manyan mas'alolin. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta yanke hukunci a kan na'urorin taimakon numfashi a zamanta na Amman a 1986, sannan a kan dashen gaɓoɓi a Jidda a 1988. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya fara dashen ƙoda tun 2002. Sai dai ɗan da ake roƙo ya ba mahaifinsa ƙoda, wa zai kai masa wannan ilimin a daren da yake juyi yana tunani?

Mu Kanawa mun ga tasirin malamai da idonmu. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna saboda zargi, aka dawo da shi a 2004, kuma sai da sarakuna da malamai suka shiga gaba aka ci nasara, har aka ayyana Najeriya ta rabu da cutar a 2020. Dokar gwajin lafiya kafin aure da aka sa wa hannu a 2024 ma a hannun limaman da ke ɗaura aure take rayuwa ko ta mutu.

Na san abin da abokan aikina za su ce, kuma suna da hujja. Akwai masu shigowa da sunan ruƙiya su ce farfaɗiya aljanu ne, su hana shan magani, su sayar wa dangi jarkar ruwa da tsada. Ai shi ya sa nake cewa hukuma ta ɗauki nata malaman aiki. A tantance malami, a horar da shi a kan sirrin majinyaci da wanke hannu da iyakar aikinsa: ba ya rubuta magani, ba ya hana magani, ba ya karɓar ko sisi, ba ya tsayawa a kan gadon wanda bai neme shi ba. Su ma likitoci su daina kiran malami sai rai ya zo gargara. A Ingila asibitocin gwamnati suna ɗaukar limamai da fastoci aiki a kan albashi, sunansu na cikin jerin ma'aikata.

Kada a manta da malamai mata. Akwai tambayoyin jinin biƙi da ɓari da mace ba za ta taɓa yi wa namiji ba, ga makarantun Islamiyya cike da mata masu ilimi. 'Yan uwanmu Kiristoci na Sabon Gari da sauran unguwanni su ma a tanadar musu fasto ko fada.

Ina kira ga Ma'aikatar Lafiya da Hukumar Kula da Asibitoci ta Jihar Kano su gwada wannan tsari ko da a asibiti ɗaya ne, su fara da ɗakin haihuwa da sashen wankin ƙoda, a liƙa lambar malamin da ke bakin aiki a teburin nas yadda ake liƙa ta likita.

Wassalam,
Ma'aikacin jinya mai ritaya,
Gyaɗi-Gyaɗi, Kano.