A duba wayarin shaguna kafin hunturu ya kankama

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a wannan jarida mai farin jini domin in ja hankalin hukumomi da shugabannin kasuwanni kan yadda ake haɗa wutar lantarki a shagunanmu, tun da har yanzu mutanen Kano ba su manta da gobarar da ta cinye babban ɓangare na Kasuwar Sabon Gari a shekarar 2016 ba.

Doka dai akwai ta. Najeriya tana da kundin ƙa'idojin gini na ƙasa tun 2006, sannan a 2015 an kafa hukumar NEMSA, wadda aikinta ne duba haɗin lantarki da bai wa masu sana'ar takardar shaida. Inda gizo ke saƙa shi ne abin da ke faruwa bayan an gama gini. Shagon da aka yi wa wayarin domin ƙwan fitila biyu da fanka ɗaya, yau za ka iske an jona masa firiza, da na'urar sanyaya ɗaki, da batura na sola, duk a kan siririyar waya mai kaurin murabba'in milimita 1.5, alhali soket kaɗai yana buƙatar 2.5. Idan fis ya ƙone, sai a naɗa masa zaren waya a ci gaba da ciniki, wato an cire abin da zai katse wutar kafin robar ta narke. A ƙara da janareta da ake jonawa ba tare da makunnin da ke sauya layi tsakanin wutar gwamnati da ta janareta ba, da wayar kariya mai kai wuta cikin ƙasa da ba a binne ba, da kuma wayoyin jabu waɗanda aka rage musu jan ƙarfe. Duk wannan yana faruwa ne a tsakiyar dilolin atamfa da katifu.

Shawarata ita ce kada a sabunta hayar kowane shago sai ƙwararre mai lasisi ya duba wayarinsa gwargwadon kayan da ke cikinsa a yanzu, kuma a tanadi makashin wutar lantarki guda a bakin kowane layi, wanda mai gadi zai kashe da dare. Haka nan a kwashe rumfunan da suka toshe hanyoyi, domin motar 'yan kwana-kwana ta samu wurin shiga.

Wassalam.

Wani mai karatu,
Fagge, Kano