Rahoton Ayyukan 2024 ga Membobin Ƙungiyarmu ta Manoman Wake, Zariya

Assalamu alaikum, Shugaba, iyayen ƙungiya da sauran 'yan uwa.

Tarukan wata-wata an yi su, ban da na watan azumi.

Bari in fara da injin ban ruwa mai aiki da hasken rana, tunda na san tambayar da ke bakin kowa ke nan. Ba a saya ba. Kuɗin ma ba su taru ba, balle a ce wani ya ci, kamar yadda na ji ana raɗe-raɗi a Kwangila. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 muke kukan cewa mai ya cinye ribar noman rani a bakin kogin Galma, kuma da bakinmu muka amince a yi karo-karo. Da aka zo biya, ko rabinmu ba su kawo ba. Kafin a waiwaya Naira ta sake faɗuwa, farashin da muka jiyo a Sabon Gari ya zama tarihi. Ni da ma'aji mun je banki sau uku. Sun ce sai takardar mallakar gona da za a jinginar. Wa ke da ita a cikinmu? Gonakin gado ne, shaidarsu mai unguwa da iccen kan iyaka. Abin da aka tara yana nan a asusu, littafi kuma a buɗe yake.

Abin da ya faranta mana rai a bana shi ne ranar buɗe buhu. Bayan girbin bara mun zuba wake iri ɗaya a buhu biyu, ɗaya na yau da kullum, ɗaya buhun PICS mai leda biyu a ciki, wanda masu bincike a Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro. Ba a sa wa kowanne magani ba. Dattawa ne suka ɗaure bakin da hannunsu, suka kuma riƙe makullin ɗaki, don kada a ce an yi rufa-ido. Dab da damina aka fito da su tsakar fili. Na farkon tun ba a kwance ba ake jin ɗumi da wari, aka zuba hannu sai gari da ƙwari. Da aka kwance na biyun, wani dattijonmu da ya rantse wake ba ya ajiyuwa sai da fiya-fiya ya ɗebo a tafin hannu, ya juya, ya tauna ƙwaya ɗaya. Ya jima bai ce uffan ba, can ya tambayi inda ake sayarwa. Sirrin dai iska ce: in an ɗaure leda tam, ƙwaro ba ya samun ta shaƙa. Iyayenmu mata suka dafa waken nan take da manja, har waɗanda rabon mu da su tun zaɓen shugabanni sai ga su da kwano. Mun kuma tuna wa jama'a cewa saboda ragowar magani ne Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya a 2015.

To, bayan tafi da kabbara, nawa ne suka sayi buhun? Yatsun hannu sun ƙirga su. Wasu uzurinsu karɓaɓɓe ne: mai bashin taki a wuya tun a masussuka yake sayar da wakensa, me zai ajiye? Wasu sun yi arba da na jabu mai siririyar leda, suka yi fushi da abin gaba ɗaya. Amma akwai masu jiran a raba kyauta, kuma su ne dai ba sa biyan kuɗin wata.

Haka zancen iri. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru tana nan a hancinmu, tun 2019 aka fitar da irin wake SAMPEA 20-T mai jure tsutsar da ke huda kwanson wake, ga rage yawan feshi. Na san wasu na ɗari-ɗari da shi saboda maganar sauya ƙwayar halitta, shi ya sa muka shirya zuwa mu yi tambaya da kanmu. Ranar tafiya mu huɗu muka tsaya a Ƙofar Doka, aka sallami mai mota.

Sunayen masu bashi suna wurin ma'aji. Ban karanto su ba don kunyar furfura. Wanda bai biya ba kafin taron Janairu, ba a sa sunansa cikin sarin buhunan da za a yo ba.

Wassalam,
Magatakarda