Wasiƙa: Lodin jinga da jarrabawa a kan 'yan firamare gab da hutun Kirsimeti

Ranka ya daɗe Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu domin in yi magana a kan wani abu da ke faruwa a gidaje da yawa a nan Kaduna tun daga tsakiyar watan Nuwamba har zuwa ranar da za a ba da hutun Kirsimeti, wato irin lodin jinga (aikin gida) da gwaje-gwaje da jarrabawa da makarantun firamare, musamman masu zaman kansu, suke jibga wa ƙananan yara a ƙarshen zangon farko. Ni uba ne mai 'ya'ya uku, kuma na riƙe alli a makarantar firamare tsawon shekara goma sha ɗaya kafin in koma wani aiki. Saboda haka na taɓa zama mai ba da jinga, yanzu kuma ni ne nake zaman dare da wadda aka ba.

A ranar Talatar makon jiya 'yata ta tsakiya, mai shekara takwas a aji uku, ta dawo gida da ƙarfe huɗu da rabi, domin bayan an tashi akwai lesin na dole da muke biya daban. A jakarta akwai jinga guda biyar, ciki har da lissafi ashirin da kuma shafi uku na bayanin darasin zamantakewa da aka ce su kwafe su haddace saboda gwajin washegari. Babu wuta a unguwarmu a daren, sai aka jingina wayar uwarta a jikin kofi aka kunna fitilarta. Wajen ƙarfe tara da rabi na leƙo falo na tarar yarinyar ta kifa kai a kan littafi tana barci, fensir yana hannunta, rubutunta na ƙarshe ya gangara daga kan layi ya nufi gefen takarda. Uwarta ta zare fensirin a hankali, ta ƙarasa lissafi shidan da suka rage da hannun hagu, don kada malama ta gane rubutun babba ne. Ni da na yi malanta ina tsaye ina kallo, ban hana ba, domin na san abin da ke jiran yaron da ya je makaranta da jinga rabi a irin wannan mako. Washegari malama ta sa jan biro ta ba ta goma bisa goma, kuma wannan makin zai shiga katin sakamako a matsayin shaidar cewa yarinyar ta fahimci raba lambobi, alhali ba ta fahimta ba tukuna.

Abin da ya fi damuna shi ne an daɗe da tsara hanyar kauce wa wannan matsala, sai dai mun juya ta ta zama ita ce matsalar. Tun a Manufar Ilimi ta Ƙasa ta shekarar 1977 aka shigo da tsarin auna fahimtar yaro a kai a kai, wanda malamai ke kira si'e, da nufin kada makomar ɗalibi ta rataya a kan jarrabawar mako ɗaya. Manufar ta tanadi cewa ƙarin aji a firamare ya dogara a kan wannan awo na yau da gobe. Daga baya dokar ilimin bai-ɗaya ta shekarar 2004 ta haɗe shekara shida na firamare da uku na ƙaramar sakandare suka zama shekara tara a jere, wato ba a yi tsarin don a riƙa tankaɗe da rairayar yara 'yan shekara bakwai duk bayan wata uku ba. Amma yadda ake yi yanzu, si'e ta zama ƙaramar jarrabawa ce kawai da ake gabatarwa kafin babba. Za a yi ta farko, a yi ta biyu, wasu makarantu har da ta uku, sannan makon bita, sannan jarrabawar kanta, kuma yawanci duk a matse su cikin makonni huɗu ko biyar na ƙarshe.

Na san yadda hakan yake faruwa domin na yi shi da hannuna. Ana komawa makaranta a watan Satumba, makon farko da na biyu su tafi wajen jiran yara su gama dawowa da jiran iyaye su sayi littattafai, a zo hutun ɗaya ga Oktoba, a zo hutun tsakiyar zango, sai malami ya buɗe manhajarsa a tsakiyar Nuwamba ya ga saura darussa biyar bai taɓa ba, ga shi an ce ya miƙa tambayoyin jarrabawa ofishin hedimasta cikin mako guda. Abin da bai samu koyarwa a aji ba sai ya rubuta shi a allo ya ce a kwafa a je a karanta a gida. Ashe ke nan rabin jingar Disamba ba bita ba ce, darasi ne da ba a koyar ba aka tura wa iyaye su koyar da daddare, ko sun iya ko ba su iya ba. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, amma mu kowace shekara a ranar muke fafe shi. Ba na ɗora laifin duka a kan malamai. Wanda yake da yara arba'in a aji, ga takardun darussa sama da goma da zai duba ya tara maki ya rubuta a kati, ga albashin da bai taka kara ya karya ba, wanda a inda na yi aiki ma ba a biyan na Disamba sai an miƙa sakamako, shi ma a matse yake.

Sai kuma yawan darussan. A jadawalin jarrabawar 'yata na ƙirga takardu goma sha shida cikin kwana shida, ciki har da Faransanci da kwamfuta da darasin gyaran lafazin Turanci, da wasu biyu na auna kaifin tunani a lissafi da kalmomi, waɗanda asalinsu shiri ne na jarrabawar shiga kwalejojin gwamnatin tarayya da hukumar NECO ke shiryawa 'yan aji shida. Yarinya tana aji uku an fara yi mata horon jarrabawar da sai bayan shekara uku za ta zauna, dalili kuwa shi ne iyaye da yawa suna cire yara daga aji huɗu ko biyar su tura su sakandare, makarantu kuma suna gudun kada a ce an bar su a baya. A shekarar 2025 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta sanar da sabuwar manhaja wadda ta taƙaita darussan aji ɗaya zuwa uku a kan tara ko goma, kuma dalilin da ta bayar shi ne rage wa yara nauyi. Ina so in san wanda yake bin makarantu yana ƙirga darussan da suke koyarwa, domin a jakar 'yata dai ban ga an rage ko littafi ɗaya ba.

Da a ce wannan wahala tana haifar da ilimi da sai mu yi haƙuri mu ce ɗacin magani ne. Amma masu bincike ba su ga haka ba. Farfesa Harris Cooper na Jami'ar Duke a Amurka, wanda ya tattara binciken shekaru masu yawa a kan jinga ya fitar a shekarar 2006, ya gano cewa amfaninta a bayyane yake ga 'yan sakandare, amma ga 'yan firamare alaƙar da ke tsakanin yawan jinga da ƙoƙari a jarrabawa ƙarama ce ƙwarai. A can ne kuma ƙungiyoyin malamai da iyaye suke bin wata ƙa'ida ta minti goma ga kowane aji, wato ɗan aji uku kada ya wuce rabin awa. Ƙasar Sin ma, wadda ba wanda zai zarge ta da sakaci da karatu, a shekarar 2021 ta hana ba 'yan aji ɗaya da biyu rubutacciyar jinga, ta kuma ƙayyade wa 'yan aji uku zuwa shida awa ɗaya. Likitocin yara suna cewa mai shekara shida zuwa goma sha biyu yana bukatar barcin awa tara zuwa goma sha biyu. Yaron da ya kwanta ƙarfe goma aka tashe shi biyar da rabi cikin sanyin hunturu domin kada motar makaranta ta wuce, sai ka lissafa da kanka, Edita, ka ga abin da ya samu.

Sai dai laifi tudu ne. Mu iyaye muna da hannu dumu-dumu a cikin wannan al'amari, kuma ban cire kaina ba. Mu ne muke auna ingancin makaranta da nauyin jakar yaro, mu je taron iyaye da malamai mu yi ƙorafin cewa ba a ba da jinga sosai, kamar kuɗinmu bai yi aiki ba sai mun ga yaro yana gumi da daddare. Mu ne kuma ranar karɓar sakamako ba ma tambayar yaro me ya koya, sai dai mu ce, “Na nawa ka zo?” Bara da 'yata ta zo ta goma sha ɗaya cikin talatin da huɗu, kalmar farko da ta fito daga bakina ita ce, “Wa ya zo na ɗaya?” Na ga yadda ta sunkuyar da kai, kuma har yau abin yana cina. Masu makarantu 'yan kasuwa ne, abin da suka ga mai saye yana so shi suke kasawa. Akwai ma abin da ake kira aikin hannu, inda za a ce ɗan aji biyu ya gina gida da kwali ya kawo cikin kwana uku, kowa kuma ya san akwai mai yin su na sayarwa, a biya shi, yaro ya ɗauka ya kai a ba shi maki.

Akwai wani ɓangare da ba na jin daɗin ambatonsa, amma dole ne. A makarantu da dama makon jarrabawa shi ne makon karɓar bashi. Ranar da na kai wa 'yata abincin da ta manta, na ga yara bakwai zaune a baranda cikin ƙurar hunturu, leɓɓansu duk sun tsage, suna leƙen 'yan ajinsu ta taga suna rubutu, saboda iyayensu ba su cika kuɗin makaranta ba. Waɗannan yara sun yi jingar kamar kowa, sun yi zaman dare kamar kowa. Makaranta tana da haƙƙin neman kuɗinta, wannan ba gardama, amma tsakaninta da uba ne, ta riƙe sakamako idan ta ga dama har sai an biya, ba ta kunyata ɗan shekara bakwai a gaban abokansa ba.

Lokacin da abin yake faɗowa shi ma yana ƙara masa nauyi. A gidajen Kirista waɗannan makonni su ne na koyon waƙoƙin Kirsimeti da shirin wasan kwaikwayon haihuwar Yesu Almasihu a coci. An ba 'yata matsayin mala'ikan da zai yi wa makiyaya albishir, ta haddace maganarta tun makon farko tana ta maimaita mana a wajen cin abinci, amma ta rasa atisaye uku a jere saboda gwaji, dole aka ba wata yarinya. Maƙwabcina Musulmi ne, kukansa ɗaya da nawa: yaransa suna dawowa daga boko su ajiye jaka su wuce Islamiyya har magariba, ga hadda tana jiransu, sannan a buɗe jingar boko bayan isha'i. Da aka ba da hutu kuma ba a huta ba, domin makaranta tana sayar mana da wani ɗan littafin jingar hutu mai shafi arba'in. Mu Kagoro muke zuwa wajen kakanninsu, mu yi Kirsimeti mu tsaya bikin gargajiya na Afan na ɗaya ga Janairu, kuma a can ne yarana suke jin harshen uwarsu, su ga yadda ake sussuka da shiƙa, su san danginsu. Bara littafin nan ya je ya dawo a ƙasan akwati, aka cike shi cikin dare biyu kafin komawa, kuma har zango ya ƙare ba malamin da ya buɗe shi.

Abin da nake roƙo ba ya cin kuɗi. Ina kira ga hukumar da ke kula da ingancin makarantu a jiha, da ƙungiyar masu makarantu masu zaman kansu ta NAPPS, su fitar da ƙa'ida a rubuce a kan iyakar lokacin jinga ga kowane aji, kuma malaman kowane aji su riƙa tuntuɓar juna kafin kowa ya ba da tasa, domin sau da yawa malamin lissafi bai san abin da malamar Turanci ta ɗora ba. A rarraba gwaje-gwaje tun daga Oktoba, a daina ba da jinga a makon jarrabawa, a daina rubuta na ɗaya da na ƙarshe a katin 'yan aji ɗaya zuwa uku, a maye gurbinsa da layi biyu na abin da yaro ya iya da abin da yake bukatar taimako a kai. Idan darasi bai samu shiga zangon farko ba, a ɗaga shi zuwa Janairu, ba abin da zai lalace. Jingar hutu kuma, idan dole ne, a ce yaro ya karanta littafin labari ɗaya ya dawo ya ba 'yan ajinsu.

A gidana dai mun yanke shawara ni da uwarsu cewa daga yanzu ƙarfe takwas da rabi za a rufe littafi, abin da bai ƙare ba zan rubuta wa malama a ƙasan shafi cewa nan ƙarfin 'yata ya tsaya, in sa hannu. Na yi haka sau biyu a wannan mako, an rage mata maki huɗu, malama kuma ta aiko cewa tana son ganina. Zan je ranar Juma'a, kuma ranar Asabar akwai taron iyaye da malamai inda na riga na nemi a sa wannan magana cikin ajanda.

Na gode da wannan fili, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka,
Wani uba kuma tsohon malamin firamare,
Kaduna.